Kwaɗin Ɗan Madani: yadda muka yi kiwon talibambam a gidanmu na Gadarif

Da ihun Iya abin ya faro. Sassafe ne, ko shayi ba a ɗora ba, ta zagaya bayan zir, wato babban tulun ruwan sha, za ta ɗauko jardal, bokitin wanki kenan, sai ta ga wata yankakkiyar jarka an rufe da kwali an danne da dutse, tana ɗagawa ta ga ruwa baƙi ƙirin yana motsi. "Innalillahi! Wane marar kunyar ne ya tara mana tsutsa a gida ana tsakiyar annoba?" Na fito da buta a hannu na leƙa, na ga ba tsutsa ba ce, talibambam ne, 'ya'yan kwaɗo, waɗanda littafin makaranta na Larabci ke cewa abu zunaiba. Da muka ƙirga daga baya guda 74 ne. Mai kayan kuwa yana can ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, ya yi lamo a kan angarib, gadon nan na igiya, wai shi barci yake, amma babban yatsan ƙafarsa sai rawa yake.

Ni malamin kimiyya ne a firamare nan Gadarif, gabashin Sudan, to da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 karatu ya tsaya, ajujuwanmu ma daga baya nazihin aka zuba a ciki, wato waɗanda yaƙi ya koro. A Disamban 2023 da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗi ƙanwata ta iso mana da 'ya'yanta uku da akwati ɗaya. Na tsakiyan shekararsa 10, yaran unguwa suka laƙa masa Ɗan Madani, sunan ya bi shi har cikin gida. A can yana da tattabaru, ranar da za su gudo ya buɗe musu ƙofar ɗakinsu ya bar su, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake jin ya ambace su. Yaro ne marar surutu dama, zuwansa nan kuma sai ya ƙara yin shiru, ba makaranta, ba abokai na ƙwarai, sai yawon bakin hor, rafin da ke kawo ruwa da damina kawai, in an yi ruwa.

Wanda bai san Gadarif da damina ba, harif muke ce mata, ƙasarmu baƙar laka ce mai riƙe ruwa, da rani ta tsage kaman tafin ƙafar manomi, ruwan farko na sauka ta kumbura ta liƙe, duk inda tayar lori ta bi sai ya zama ɗan tafki. Da dare kuwa kukan ga'onja, haka Larabawan nan ke kiran kwaɗo, ba ya barin mutum ya ji rediyo. A irin wannan sawun tayar ya same su, ruwan saura kaman tafin hannu biyu, rana na shanye shi. Da na tsare shi yace, "Kawu gobe da azahar ruwan zai ƙafe, duka za su mutu." Na je na duba wurin, gaskiyarsa ce.

Rigimar farko ba da kwaɗin aka yi ta ba, da Iya aka yi. Iya haifaffiyar Mai Wurno ce, garin nan na kusa da Sinnar da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, a bakin kogi ta girma, don haka ita a ganinta ba wanda zai koya mata kwaɗo. Ƙorafinta uku ne: kwaɗo na jawo maciji, wanda ya taɓa shi ƙurajen bayansa za su fito masa a hannu, kuma fitsarinsa na makantarwa. Na farkon akwai ƙamshin gaskiya, maciji na cin kwaɗo, inda suka yi yawa zai iya biyo su. Na biyun babu shi sam, waɗancan ba ƙuraje ba ne, halittar fatarsa ce. Na ukun kuma an haɗa abu biyu ne aka cakuɗa, ruwan da kwaɗo ke saki in ka ɗauke shi ajiyarsa ce ta mafitsara, tsoro ke sa ya zubar, ba dafi a ciki, dafin yana cikin wasu kumburi guda biyu a bayan idanunsa, fari ne kaman madara, shi ne in kare ya cafki kwaɗo za ka ga bakinsa na kumfa, kuma in ya shiga idon mutum zai yi raɗaɗi sosai. Na yi mata duk wannan bayanin ta kalle ni tace ilimin boko bai hana maciji shiga ɗaki.

Ƙarshe dai ta ce a tambayo Malam na masallacin unguwa, tana da yaƙinin zai ce a zubar. Bayan la'asar muka je ni da yaron. Malam ya saurara, ya yi murmushi, yace ai akwai hadisi wajen Abu Dawud da Nasa'i, wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi. Ya kawo na ƙanin Anas, Abu Umair, yaron da ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi ba a hana shi ba. Ɗan Madani har ya fara washe baki, sai Malam ya ɗaga yatsa ya kawo na matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Yace, "Ɗana, riƙewa ba laifi, amma duk abin da ka rufe cinsa da shansa a wuyanka suke. Za ka iya?" Yaro yace zai iya. Ni ma a zuciyata na ce me ye wahala a ciki, abin da ko kaza bai kai ba.

Kwana biyu tsakani muka sha kashi na farko.

A Agustan 2024 aka ayyana kwalara a ƙasar, Kasala da Gadarif na cikin inda ta fi tsanani, kowane gida ana jefa ƙwayar kilorin a barmil, wato gangar ruwa, ƙwayar mu nan kulor muke ce mata, kuma ƙanwata kullum tana yi wa yara karatun cewa ruwan barmil shi ne mai kyau, na waje cuta ne. To yaro ya ga ruwan jarkarsa ya yi dauɗa yana wari, dama ya marmasa musu kisra, burodinmu na dawa mai faɗi siriri, a ciki ta jiƙe ta ruɓe, sai ya yi abin da duk yaro mai hankali zai yi, ya tsiyaye ruwan kwatan ya cika musu da mai tsabtan da aka sa wa magani da safen nan. Garin gyaran gira aka rasa ido. Kafin magariba sun yi fari-fari a ƙasan jarka, 23 kaɗai ke motsi. Talibambam da abin numfashi irin na kifi yake shaƙa, ga fatarsa siririya komai ratsa ta yake, kilorin ɗin da mu ke kashe mana ƙwayar cuta ba tare da ya taɓa mu ba, shi ƙona masa wurin numfashin yake. Laifina ne ba nasa ba, ni ne mai karatun, na san wannan sarai amma ban faɗa masa ba don ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Kar wani ya karanta nan yace to a daina sa kulor a ruwan sha, a'a wallahi, a ci gaba da sawa, kwaɗin ne kawai ba nasu ba ne. In dole sai da shi, a zuba a faffaɗan baho a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu ya huce, ruwan sama kuwa ya fi komai.

Bai yi kuka ba. Ya kwashe matattun da cokali ya haƙa rami gindin dalbejiya ya binne, ya dawo ya zauna. Daren nan na ce masa daga yau tare za mu yi, amma da sharaɗi, 12 za mu riƙe, sauran 11 a mai da su wani tafki mai zurfi kusa da inda ya samo su, don cunkoso ma kisa yake. Ya yi ta ciniki kaman a kasuwar riɗi, na ƙi.

Muka samu tsohon tishit na roba, baho kenan, muka ɗebo laka kaɗan da duwatsu masu gansakuka daga wurin nasu, muka tari ruwan sama, zurfinsa bai wuce tsawon yatsa ba, muka ajiye a inuwar rakuba inda rana ba ta dukansa sai ta safe. Ɗan ruwa a roba in rana ta same shi nan da nan yake zama kaman na shayi, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska. Abinci kuwa gansakukar suke kankara da ɗan bakinsu, muna ƙara musu da ganyen lalo da aka tafasa ba gishiri ba mai, ɗan mitsitsi kaman rabin farce, abin da ya rage da yamma a tsame. Duk kwana biyu a kwashe sulusin ruwan a ƙara sabo wanda ya kwana a wurin. Ɗiban lakar ni na yi da kaina da leda a hannu, don ruwan da ke kwance akwai dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya, yaron da ya tashi a Jazira cikin magudanan noma ya fi ni sanin wannan ma.

Sai maganar sauro, wadda nan kam Iya ta fi ni gaskiya. Mutane na zaton talibambam na cinye tsutsar sauro, irin namu dai ba ruwansu da ita, gansakuka suka sani. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi kuwa ruwan cikin mazubi yake so, kuma Gadarif ta ɗanɗana dengi a 2023, ba mai son ƙari. Mako guda ko kwana goma ya ishi ƙwai ya zama sauro mai cizo. Yaron ya ruga ya yanko tsohon gidan sauro zai rufe bahon, Allah ya sa ina wurin na riƙe hannunsa, gidajen sauron nan da ake rabawa da maganin ƙwari a jikin zarensu, in raɓa ko ruwan sama ya wanko shi cikin baho to an gama. Wani tsohon mayafin mai ɗakina muka wanke da ruwa zalla muka ɗaure a kai, kuma kullum da safe yana bi da matacin shayi yana tsame duk tsutsar da ya gani. Matacin nan har yau Iya ba ta yafe ba.

Wani abokinsa ma ya kawo masa kyautar wani ƙaton talibambam daga hafir, tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, na ce ko kusa, na burduddugi ne, su 'yan uwansu suke ci.

Wannan zangon shi ne mai daɗin, in faɗi gaskiya har ni na shiga ciki. Ƙafafun baya suka fara fitowa kaman zare biyu a gindin wutsiya, suna jan su ba amfani, bayan kwanaki suka yi gwiwa suka fara shuri. Yaron ya samu tsohon littafin rajistata ya riƙa zana su kullum yana rubuta kwanan wata, yana auna su da tsinken ashana. Ƙanwarsa mai shekara 5 ta raɗa wa kowanne suna, duk da ba mai iya bambance su. Har Iya in ta zo wucewa sai ta ɗan rage tafiya, tana cewa ita sauro take dubawa.

Kashi na biyu ya zo ne da fitowar ƙafafun gaba. Su ba a hankali suke fitowa ba, a cikin fata suke girma sai rana ɗaya kawai su ɓullo, kuma daga ranar dabbar ta canza gaba ɗaya, abin numfashin ruwa na shanyewa huhu na karɓar aiki, baki na faɗaɗa, hanji na gajarcewa daga na mai cin ganye zuwa na mai cin nama, ba ya cin komai a kwanakin, wutsiyarsa jiki ke tsotsewa ita ce guzurinsa. Abin da ke nufi, ɗan kwaɗon da jiya ruwa ne gidansa yau ruwa zai iya cinye shi. Bahonmu gefensa santsi ne a miƙe. Da asuba muka tarar da 3 sun nutse, da ƙafa huɗu da guntun wutsiya, sun gama duk wahalar saura su taka ƙasa. Wannan ya fi na farkon yi min ciwo. Nan take muka sa bulo a ƙarƙashin gefe ɗaya bahon ya karkace, rabi ruwa rabi tudu, muka shimfiɗa laka da ganye a tudun, sauran 9 duk suka haura lafiya.

Ranar da na farkon ya gama shanye wutsiya yaron ya zo ya tashe ni daga barcin rana. Ga shi nan a kan laka, baƙi-baƙi, ƙarami har zai zauna a kan farcen babban yatsana ya bar wuri, amma komai na kwaɗo ya cika, zaman nan na ƙasaita, maƙogwaro na bugawa, ido a sama. Dangin kwaɗin nan ne masu kaushin baya da muke gani gindin fitila, waɗanda masana suka daɗe suna kira Bufo, yanzu na Afirka irin waɗannan an mai da su Sclerophrys. Su ne ke zuba ƙwai a jere kaman carbi cikin igiyar yauƙi, uwa ɗaya dubbai, saboda mafi yawa ba sa kai labari ko a dajin.

To a nan ne fa gizo ke saƙa. Mu duk mun ɗauka an wuce wuya, ashe yanzu aka fara.

Ɗan kwaɗo ba ya cin abin da ba ya motsi. Ka ajiye masa nama, ka ajiye mataccen ƙuda a gaban hancinsa, zai mutu da yunwa yana kallonsa, idonsa motsi kawai yake gani a matsayin abinci. Kuma dole abin ya zama ƙarami, bai wuce faɗin tsakanin idanunsa ba, ga shi a wannan shekarun kullum sai ya ci, ba sau ɗaya ba. Yaron da ya saba da tattabara, ka watsa dawa ka zuba ruwa shi kenan, sai ga shi da bakuna tara da ba sa karɓar komai sai mai rai. Muka fara da gara, yana ɗaga tsohon kwali da itacen da ya ruɓe a bayan gida yana kakkaɓo ƙananan, ban da masu jan kai don suna cizo. Muka ajiye ɓawon ayaba da ruɓaɓɓiyar gwaba a gwangwani cikin bahon, 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan suka taru. Yana tsinko ganyen kuɓewa mai darɓa a gonar maƙwabci. Da dare ya shimfiɗa farin ƙyalle gindin fitilar sola ya tsince ƙananan ƙwarin.

Na taɓa kwanciya rub da ciki kusa da shi muna kallon ɗaya yana farautar gara. Garar na tafiya, sai ya juyo da jikinsa duka ya fuskance ta, ya ɗan ɗaga, dogon yatsan ƙafarsa ta baya ya fara karkarwa kaman mai kaɗa kalangu a hankali, ya matsa taku biyu, ya tsaya. Garar ta tsaya shi ma ya tsaya, kaman ta ɓace masa. Tana sake motsi, ban ma ga harshen ba, na dai ga babu gara, sai ya runtse idanu suka nutse cikin kai suka dawo, da su yake taimaka wa haɗiya. Yaron yace a hankali, "Kawu ka ga yana yin bismilla da ido." Rabon da in ji ya yi wasa da magana tun Madani.

Amma lissafi ba ya ƙarya. Wata rana tururuwa suka bi ɓawon ayaban suka shiga, kafin a ankara sun taru a kan ɗaya, daga nan muka ɗora bahon a kan faranti mai ruwa. Ɗaya ya samu kafa a gefen mayafin ya fice, washegari aka share shi a ƙarƙashin angarib ya bushe kaman ganyen shayi. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsa in ya zauna a danshi, kuma ta fatar yake rasa shi, ƙarami irin wannan 'yan sa'o'i a busasshiyar ƙasa sun ishe shi. Ɗaya kaza ta yi wuf da shi lokacin da ƙanwar ta fito da shi wai zai sha iska. Ita wannan yarinyar sai da na kafa mata doka, don hannunta kullum da man shafawa ko sabulu ko turaren uwarta, duk kuwa fatarsu na sha. Dokar ita ce ba a ɗauka sai dole, in dolen ta zo a jiƙa hannu da ruwan sama, in an gama a wanke da sabulu sosai kafin a taɓa ido ko abinci, don banda dafin suna iya ɗauke da salmonela mai sa gudawa, mu kuwa a lokacin ko sunan gudawa ba ma son ji. Na huɗun ba abin da ya same shi, ya dai daina ci, ya rame, ƙafafun baya suka yi laushi yana jan su, ya mutu. Irin wannan yawanci ƙarancin kalsiyam ne, abinci iri ɗaya ko biyu ba ya gina ƙashi, a waje kuwa ƙwaro iri nawa yake ci a dare ɗaya. Saura 5.

Ni tun mutuwar na huɗun na yanke hukunci a raina, amma na san in na ce a sake su zai ji kaman an sake ƙwace masa wani abu ne. Sai na ce ya ɗauko ashanarsa mu je bakin hor bayan la'asar. Wurin tafkin da muka mai da 11 ɗin nan ciyawa ta rufe, kana taka ta 'yan kwaɗi na watsewa ta ko'ina kaman an zubar da wake. Ya kama ɗaya ya auna. Ya kama wani ya auna. Nasa na gida ba su kai rabin tsinke ba, waɗannan sun wuce rabi, ga ciki taf, ga ƙarfin tsalle. Sa'o'insu ne, wataƙila ma uwa ɗaya. Ban ce komai ba. Muna dawowa har mun kusa gida yace, "Ai ni ina ba su abinci kullum." Na ce na sani, ba wanda ya kai ka ƙoƙari. Yace, "To in na sake su wa zai kula da su?" Sai da ya faɗa na gane ba kwaɗin kaɗai yake tambaya ba, na rasa amsa, na ce dai mu je gida.

In wani zai tambaye ni ra'ayina bayan duk wannan, zangon talibambam abu ne da yaro zai iya in da babba a kusa, 'yan kaɗan, ruwan sama, inuwa, baho a karkace, kuma karatun da ke ciki ya fi duk zanen da na shekara ina yi a allo, ni kaina da nake koyar da abin ban taɓa ganin fitowar ƙafar gaba da idona ba sai a bahon nan. Amma daga ranar da wutsiya ta ƙare, kwana biyu uku ya isa, a mai da su inda aka ɗebo su, can ɗin dai ba wani wuri ba, don kar a kai cuta ko wani iri inda ba nasa ba. Mu mun riƙe su kusan mako uku kuma kowane mako da gawa. Ga lokaci na tafiya, harif na ƙarewa wajen Oktoba, kwaɗon da bai tara kitse ba kafin ƙasa ta bushe ba zai iya shiga tsaga ya jira wata damina ba. Sharaɗin Malam, ci da sha a wuyanka, shan mun iya, cin ne ya fi ƙarfinmu.

Kwana biyu bai ce uffan ba, sai ga shi da tasa shawarar, kuma ta fi tawa. Uku za a kai bakin hor. Biyu kuma za su zauna a gida amma ba murfi. Ƙarƙashin mazaunin zir ɗinmu kullum a jiƙe yake saboda ɗigon tulun, ya samo fasasshen zir ya kifa rabinsa a wurin ya tura ƙasa da ganye, ya bar ƙofa, ya kewaye da ƙaya saboda kaji. In sun so su zauna, in sun so su tafi. Gidanmu da tafkin bai fi taku 300 ba, don haka ban ga matsala ba. Iya ta ce in ta ga maciji ko ɗaya to da shi da kwaɗin da kawunsa duk waje za su kwana. Da magariba muka kai ukun, ya karkata gwangwanin a cikin ciyawa, biyu suka fice nan take, ɗaya ya zauna a baki ya daɗe sai da ya taɓa shi da tsinke.

Na gidan, ɗaya tun daren farko ba a sake ganinsa ba. Ɗayan ya zauna. Da rana yana cikin kaskon, in an kunna fitilar sola ya fito ya tsaya a gefen hasken yana jiran abin da zai faɗo, cikin mako biyu ya ninka. Da sanyi ya shigo ƙasa ta tsage sai ya ɓace.

A Janairun 2025 sojoji suka koma Madani, bayan 'yan watanni ƙanwata ta tattara yaranta suka tafi, littafin zanen na cikin kayansa. Tattabarun bai tarar da ko ɗaya ba, uwar ce ta faɗa min, shi bai faɗa ba. Da ruwan farko ya sauka na ji Iya da dare tana magana ita kaɗai a wajen zir, na fito, ga wani kwaɗo zaune bakin fasasshen kaskon kaman wanda ya biya haya. Na tura wa ƙanwata saƙo a WhatsApp, da intanet ɗinsu ta dawo washegari sai ga muryarsa, ko gaisuwa bai gama ba, "Kawu a sa ashana kusa da shi a ɗauko min hoto." Daren nan na durƙusa da tsinken ashana a hannu, waya a ɗayan, hasken bai isa ba, Iya ta karɓi tocila ta haska tana mita wai mun mai da ita 'yar aikin kwaɗo, kuma in matso da tsinken sosai yaron ya gani da kyau. Ya fi tsinken tsawo da kusan rabi.